Ajin ninkayar da ɗana ya ƙi bari

Ni ɗan Argungu ne, a kogin Matan Fada na koyi iyo, kuma ba wanda ya taɓa riƙe mini agogo. Da na sa yarana biyu a ajin ninkaya na wani otal a nan Abuja, abin da nake so kawai kada ruwa ya ci su. Shekara biyu ke nan, babban, mai shekara goma sha ɗaya, shi ke tashina ranar Asabar tun kafin a shafa fatihar asuba.

Sirrin yana wajen kocin. Yana da wani littafi da ruwa ya jiƙa har takardunsa suka kumbura, kowane yaro da shafinsa. Ba ya haɗa yaro da yaro, da lokacinka na makon jiya yake haɗa ka. Ranar da ɗana ya rage daƙiƙa biyu a iyon kwaɗo na mita 50, kocin ya ce, "Zo ka rubuta da hannunka." Yaron na rawar ɗari, leɓe ya yi fari fat, amma ya rubuta. A ƙarshen kowane wata sai a yi tseren ba-ni-in-ba-ka, mutum hurhuɗu, a gauraya gwanaye da 'yan koyo. Mai jan ƙafa ma ya san akwai masu jiransa.

Wurin iyon mita 25 ne. Sau ɗaya kocin ya kai su wanda ke babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, su ga mita 50 irin na gasar Olamfik. Har yau suna zancen.

Inda raina ya ɓaci: ba a ɗumama ruwan. Hunturu na shiga rabin ajin ya watse, wasu ba su sake dawowa ba. Wanda ya fi ci mini rai kuwa 'yata ce. Ta fi yayanta iya iyon rigingine, amma da ta fara girma ta ce ba za ta ƙara shiga cikin maza ba. Babu koci mace, babu lokacin da aka ware wa 'yan mata. Sau uku ina yi wa manajan magana, kullum sai ya ce, "Alhaji, ana kan duba wa." Tabaranta na ruwa na nan rataye a bayan ƙofa.