Kafin ka shiga kasuwa sayen kayan wuta na tsohon gida

Gidanmu na gado a cikin birnin Kano an ja masa wuta tun kafin a haife ni, lokacin kayan wutar gidan kaf ƙwai shida ne da fanka biyu da rediyon Baba. Yau kuma a kan wannan wayar dai ake ɗora firiza biyu, dutsen guga, hita ta dafa ruwa, injin tura ruwa tanki, ga AC da ƙanina ya maƙala a ɗakinsa. Daminar da ta wuce muka fara jin ƙaurin roba a zaure, da mai gyara ya buɗe silin wallahi sai da jikina ya yi sanyi, rigar wayar ta bushe tana marmashewa a hannu kamar ƙanzo, ɓera ya ci wani wajen, wani jonin ma da leda aka naɗe shi ko salatif babu. Sati biyu na yi ina zirga-zirga tsakanin gida da shagunan Sabon Gari, abin da na gane shi ne in kuɗinka ba zai kai komai ba to ka zuba shi a abin da ido ba ya gani, waya da bireka da atin (wayar da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa), makunni mai ƙyalli ya jira.

Waya ita ce uwar aiki kuma nan aka fi cutar mutane. Iri biyu za ka tarar, akwai ta jan ƙarfe zalla wadda 'yan kasuwa ke cewa kofa, akwai kuma alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe, a ido duk ɗaya ne amma kuɗin da nisa. Alminiyam wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da kofa ke ɗauka yake iya ɗauka in kaurinsu ɗaya, kaga kenan zai riƙa zafi, ga shi yana saki a bakin soket yana tartsatsi. Gwajin ba wuya, ka ce a yanko maka ɗan guntu ka kankare da reza, in cikin ya fito fari to ka ajiye musu kayansu. Ko ka kunna masa ashana, na bogi nan take yake lanƙwashewa ya zube, na gaske sai dai ya yi baƙi. Ka ɗaga naɗin wayar ma ka ji nauyi. Ana yin waya mai kyau a ƙasar nan, irin su Cutix da Coleman da Nigerchin, sai dai sunan da ya yi kasuwa shi ake kwaikwaya, don haka ka nemi dilan kamfani, ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, ka karɓi rasit. Kauri kuwa, da lambar mm² ake auna shi, 1.5 na fitila da fanka ne, 2.5 na soket, AC da hita a ja musu layinsu daban da 4, kukar girki ta wuta 6. Duk wanda ya ce maka 1.5 za ta ɗauki soket ɗin kicin don ka rage kuɗi, don Allah kar ka yarda.

Yadda za a bi da wayar ma zaɓi ne, ko a fasa bango a binne fayif ko a bi ta saman bango da turankin, wato kwararon roba mai murfi. Binnewa ta fi kyan gani amma a ginin ƙasa ko tsohon bulo da ya gaji ni turankin na zaɓa, ba fashe-fashe kuma duk ranar da matsala ta zo buɗewa kawai za a yi.

Sai maganar fiyus da bireka. Tsohon fiyus na tangaran ba laifinsa ba ne, mu ne muka lalata shi, in ya ƙone sai a samu waya mai kauri a ɗaura, a namu ma guda ɗaya ƙusa na gani a ciki, to wannan har gida ya ƙone ba zai yanke ba. Bireka tana faɗuwa da kanta ka gyara matsalar ka ɗaga ta. Amma fa girmanta ya dace da wayar, amfiya 6 ko 10 a layin fitila, 16 ko 20 a layin soket mai 2.5. Mutane suna sa mai 63 wai don kar ta dinga faɗuwa, alhali faɗuwar ita ce aikinta.

Abin da na fi so a ji shi ne wannan. Bireka waya take karewa, ba ta san wuta ta ja mutum ba, domin wutar da za ta tsayar da zuciya ba ta kai ko rabin amfiya ɗaya ba. Mai kare rai ita ce RCD, a kasuwa wasu ELCB suke ce mata, ka tabbata an rubuta 30mA a jikinta, da zarar wuta ta fara zurarewa ta jikin mutum ko jiƙaƙƙen bango take yankewa kafin ƙiftawar ido. Duk wanda ya san yadda yaranmu da matanmu ke tsoma hita a bokiti ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti ya san me nake nufi. Guda ɗaya ta gida duka ta fi araha sai dai in ta faɗi ko'ina duhu, akwai RCBO da ake sa wa kowane layi tasa, ta fi tsada amma ɗakin da ke da matsala kaɗai take kashewa. In aljihu bai kai ba a sa wa banɗaki da kicin da injin ruwa tukuna. Kuma in ta yi ta faɗuwa a tsohon wayarin to akwai inda wuta ke yoyo, a nemo wajen, kar mai gyara ya ce bari a cire ta a huta.

Atin kuwa tsofaffin gidaje da yawa babu shi sam, shi ya sa firiji ke ɗan jan hannu. Sandar da ake kafawa a ƙasa ma akwai ta gaske akwai ƙarfen da aka shafa wa kala, kankara shi ma. A kafa ta inda ke da danshi, don ƙasarmu da rani bushewa take ƙarau, kuma wayar atin ta kai kowane soket.

Masu janareto ko sola, cenjoba dole ce, wadda ke raba layin NEPA da na inji gaba ɗaya. Mai kama da wuƙa tana da araha amma haƙoranta a waje suke yaro zai iya kai hannu, ta cikin akwati ta fi, mai canza kanta kuma sai mai hali. Soka wayar inji a soket kai tsaye yana mayar da wuta kan falwaya, ma'aikacin da ke sama yana gyara shi za ta kama, hakkin rai ne wannan.

Sitabilaiza da abin kariya na hawan wuta ba aikinsu ɗaya ba. Wutarmu volt 230 ya kamata ta zo, in unguwarku kullum ƙasa take zuwa fanka na juyawa da ƙyar to sitabilaiza kake buƙata, in kuwa matsalar ita ce a kawo ta da ƙarfi, kamar ranar da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya tsinke a layi ta doshi 400 ta ƙone kayan unguwa, to mai yankewa ya jira 'yan mintuna kafin ya dawo da ita shi ne naka, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa.

Mai aikin ma ka tambaye shi shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu wayarin, kuma kar ka cika masa kuɗinsa sai ya danna maɓallin gwaji na RCD a gabanka ka ga wuta ta ɗauke. Mu a gida Hajiya na nuna wa maɓallin, duk farkon wata ita ke danna shi.