FiiO E10K ko 'yar igiyar Apple ta dala 9: wacce ta dace da laftof ɗinka?

Kafin ka fitar da ko sisi, duba kwalin hedfon ɗinka ka ga om nawa aka rubuta, wato ma'aunin yadda hedfon ke turje wa wutar lantarki. Wannan lambar ce za ta gaya maka abin da za ka saya. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne, Sony MDR-7506 om 63, Sennheiser HD 600 kuwa om 300. Beyerdynamic DT 770 Pro kala uku ne a kasuwa, na om 32 da 80 da 250, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure: su ɗauko na 250, su soka a laftof, su ji sauti ya yi ƙasa kamar daga cikin rijiya.

Ramin hedfon na yawancin laftof yana da matsala biyu. Guntun da ke mayar da lambobi su koma sauti, wato DAC, yana zaune ne kusa da sauran kayan cikin kwamfutar, shi ya sa ake jin 'yar ƙara "zzz" idan ana motsa linzami ko an jona caja. Sannan amfilifayar da ke bayansa ba ta da ƙarfi. Na'urar waje da ake jonawa ta USB, irin su 'yar igiyar Apple da FiiO E10K, tana maganin duka biyun.

'Yar igiyar Apple mai kai USB-C da ramin milimita 3.5 tana da DAC da amfilifaya a ciki, duk da ƙanƙantarta, kuma tana aiki a Windows ba sai an saka komai ba. Sautinta tsaf yake. Wadda ake sayarwa a Amurka tana ba da volt 1, ta Turai kuwa rabin volt kawai, saboda dokar kare ji ta can. Bambancin ba ƙarami ba ne. Volt 1 a kan om 32 yana ba da kimanin miliwat 31, ya ishi kunne har ya yi yawa. A kan om 300 kuwa miliwat 3 da ɗoriya ne, ta Turai ma ba ta kai miliwat 1 ba. Don iyafis da hedfon da bai wuce om 60 ba, ita ce shawarata, kuma makirufon jikin hedfon yana aiki da ita. Aibinta igiyar siririya ce, daga wuya take fara tsinkewa, ga jabunta ya cika kasuwa.

FiiO E10K, wanda ya fito kasuwa a kan kusan dala 75, ɗan akwatin ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba. Yana ba da kimanin miliwat 200 a kan om 32, kamfanin kuma ya ce an yi shi ne don hedfon mai om 16 zuwa 150. DT 770 na om 80 a nan yake sakewa, ganga ta fito da nauyinta. Na 250 ma zai tashi idan an tura makunnin ƙarin ƙarfi zuwa sama, sai dai kusan ƙarshen iyawarsa ke nan. Abin da na fi so a jikinsa shi ne maɓallin murɗa sauti da hannu. Amma yana da hali: idan an rage shi can ƙasa, kunne ɗaya kan fi ɗaya ƙara. Maganin shi ne a bar makunnin ƙarfi a ƙasa, a ɗan rage sautin kwamfuta, a murɗa maɓallin ya wuce wurin. Makunnin ƙara nauyin ganga gara a bar shi a kashe, yana danne murya. E10K ba ya karɓar makirufo, don haka mai yawan taro ta Zoom ya sani tun yanzu. Tsohon samfurin micro-USB ne, sabon mai suna E10K-TC shi ne mai USB-C, shi za a nema.

Bayan an jona, a shiga saitin sauti na Windows, a zaɓi na'urar, a sa 24-bit da 48000 Hz, a kashe duk wani ƙarin gyaran sauti. Idan har yanzu ana jin gurnani, a zare caja a saurara. In ya ɗauke, daga wuta yake shigowa ta caja, abin da aka fi gani da janareta ko inbata, sai a gwada wata caja mai kyau ko wani ramin USB.

Mai MacBook Pro na 2021 zuwa sama ya riƙe kuɗinsa. Raminsa yana gane hedfon mai om 150 zuwa 1000 da kansa, ya ba shi har volt 3.