Juya waina ko shiga zuciyar namiji: wanne ya fi taɓa mazantaka?

'Yar'uwa, kin tambaya wane irin ƙagaggen labari na masu rajin 'yancin mata ne ya fi girgiza abin da ake kira mazantaka: wanda ake juya duniya mata su karɓi ragama, ko wanda ake barin gida yadda yake a leƙa cikinsa.

Na farkon tsohon salo ne. A 1905 Rokeya Sakhawat Hossain, 'yar yankin Bengal, ta fitar da Sultana's Dream. A ciki maza ne a kulle, suna raino da girki, mata kuma na tafiyar da ƙasa, har da tattara zafin rana suka kori rundunar abokan gaba. Dariya ce makaminta, kuma tana cizo: namiji ya ji kullen a jikinsa na ɗan lokaci. Sai dai mazan labarin kusan ba su da fuska. Ba ka san abin da ke ransu ba.

Na biyun ne ya fi kama ni. A littafin Mariama Bâ ta Senegal, Une si longue lettre, na 1979, ba a juya komai ba. Duba Mawdo: likita ne, yana son matarsa Aissatou, amma da mahaifiyarsa ta kawo masa ƙaramar yarinya ya aura, ya kasa cewa a'a, sannan ya fake da cewa haka halittar namiji take. Aissatou ta kwashe 'ya'yanta ta tafi. Wato mutumin da ake gani shugaban gida ne, ashe tsoro ke jan akalarsa. Wannan tonon asiri ya fi kulle maza dubu zafi, a ganina. Kuma marubuciyar ba ta tsaya nan ba, ta kawo Abou, mijin Daba 'yar mai ba da labarin, yana shiga kicin ya yi girki ba tare da jin an rage masa komai ba.

Idan kina son abin da za ki karance a zama ɗaya ki yi dariya, fara da Rokeya, gajere ne. Idan kuwa namiji za ki miƙa wa, ba shi Mariama Bâ, ki tambaye shi ra'ayinsa kan Mawdo.