Sabon kafireto ko gyaran tsohon: abin da na gani a jikin Honda C70

Duk wanda ke da tsohon babur Honda C70 jingine a soro yana son tayar da shi, shawarar farko da zai ji a kasuwa ita ce ya yar da kafireton, wato na'urar da ke haɗa wa inji fetur da iska, ya ɗaura sabo. Na gwada sabon, na kuma gwada ƙaramin ƙunshin kayan gyaran kafireto da ake sayarwa a leda, duka a babur guda. Hukuncina: sabon zai tayar maka da inji a ranar, amma tsohon da aka wanke shi ne zai kai ka unguwa ka dawo ranka bai ɓaci ba.

Babur ɗin na kawuna ne, ya daina hawa tun da gwiwa ta fara damunsa. Babu wanda ya waiwaye shi sai bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Nan fa kowa ya tuna cewa akwai abin hawa a gida wanda tankinsa bai wuce lita huɗu ba, kuma yana daɗewa bai nemi ƙari ba. C70 ɗan gidan Super Cub ne, wanda Honda ta fara ƙerawa a 1958, zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Injinsa 72cc ne, giya uku, babu kulocin hannu. Roba-robar China da suka cika titi a yau daga tsarin injin nan aka kwaikwayo su, dalilin da ya sa masu shago ke cewa kayan wannan za su shiga wancan.

Kafin a taɓa kafireto akwai aikin da ba a tsallakewa. Fetur ɗin da ya kwana shekaru a tanki ya zama jan danƙo mai warin fenti, ƙasan tankin kuma duk tsatsa. Na zuba ƙananan notina da kananzir na yi ta girgizawa har abin da ke fitowa ya yi fari, na sauya tiyo, na sa ƙaramin matacin mai a tsakani. Na juye baƙin mai, na saita bawul a kan milimita 0.05 inji na sanyi, na goge kwantak, mai ba fulogi wuta a kan lokaci, na bar masa tazarar milimita 0.3 zuwa 0.4, na ɗaura sabon fulogi NGK C7HSA. Wanda bai yi waɗannan ba, duk laifin da ya ɗora wa kafireto zalunci ne.

Sabon kafireton ba shi da sunan kamfani a jiki, sai ƙyalli. Mai shagon ya ce da ni, "Alhaji, ɗaura kawai za ka yi, ko saiti ba ya so." A wani ɓangaren bai yi ƙarya ba. Ramukan notinsa sun zauna daidai, ina buga kik injin da ya shekara da shekaru shiru ya kama, yara suka fito da gudu. Kuɗinsa ma ba wani abin a zo a gani ba ne. In burinka ka tabbatar injin na da rai kafin ka kashe kuɗi a taya da fenti, ya biya buƙata.

A kan titi ne halinsa ya fito. An yi shi ne don inji mai 110cc, maƙogwaronsa ya fi na asali faɗi, jet ɗinsa, wato 'yan tagulla masu rami da fetur ke bi, su ma haka. Da ka murɗa totur da sauri sai babur ya yi kamar ya shaƙe kafin ya ɗauka. In ka tsaya a danja, ko dai ya mutu ko ya riƙa ihu shi kaɗai, babu tsaka-tsaki, duk yadda na juya sukurun iska. Fulogi ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, alamar mai ya fi iska yawa, ga shi kuwa don tsimin mai aka tayar da babur ɗin tun farko. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne makunnin mai. A C70 ɗinmu makunnin a jikin kafireto yake, tiyo biyu ke saukowa daga tanki, ɗaya na yau da kullum, ɗaya na rizab, wato man ko-ta-kwana. Sabon baki ɗaya gare shi. Dole ka toshe tiyo guda, ka rasa rizab, a babur ɗin da ba ya nuna maka sauran mai sai ka ɗaga kujera.

Wani dattijon bakanike a unguwarmu, wanda ya yi zamani da waɗannan babura, shi ya ce in kawo masa tsohon ya gani. Ya juya shi ya ga tambarin Keihin, kamfanin Japan da ya ƙera shi, ya ce, "Ɗana, wannan bai mutu ba, datti ne ya kama shi." Na ce, "To Baba, jet ɗin fa? Akwai sababbi a ledar." Ya ce in bar su a ledar.

Gaskiyarsa. Ƙunshin gyaran yana zuwa da gasket ɗin kwanon da fetur ke taruwa a ƙasan kafireto, zoben roba, allurar da ke tsayar da mai, sifirin da jet biyu. Robobin da gasket sun yi kyau, sun zauna ba tare da an ja su ba, yoyon kwanon ya tsaya cak. Allurar ma ta yi aiki. Amma jet ɗin, ko da ido in ka ɗaga su sama tare da na asali za ka ga ramin bai zo ɗaya ba, kuma babu lamba a jikinsu. Jet na tagulla ba ya cinyewa don an ajiye babur, toshewa kawai yake yi. Mun jiƙa na asalin, muka zare silin waya ɗaya na jan ƙarfe muka bi ramin a hankali. Allurar ɗinki ba ta shiga nan, domin ƙarfenta ya fi tagulla tauri, za ta buɗa ramin. Ƙaramin jet ɗin shi ne mai wahala, kuma shi ne ke sa babur ya ƙi tsayuwa a kunne sai da cok, abin da ke rage wa inji iska. Sai da haske ya ratsa shi tukuna muka mayar. Sukurun iska muka ɗaure a hankali, muka warware zagaye ɗaya da rabi, daga nan muka daidaita da kunne bayan inji ya yi zafi.

Yanzu da sanyin asuba yana son cok na ɗan lokaci, bayan haka sai ya zauna yana bugawa a natse. Totur na amsawa ba gardama, fulogi ya koma ruwan ƙasa, rizab ya dawo. Gudu dai ba shi da shi, ɗan acaɓa zai wuce ka kamar kana tsaye, kuma birkinsa na zamanin da ne, sai ka fara taka shi tun daga nesa.

Sabon kafireton zan ba wanda nasa ya ɓace ko ya tsage, tare da gargaɗin ya nemi jet masu ƙaramin rami. Ƙunshin gyaran kuwa a saya, a ɗauki robobi da allura. Abin da ya rage mini shi ne wuta: tsarin babur ɗin na bolt 6 ne, batir da ƙwan fitila na kasuwa kusan duk na 12 ne, don haka har yanzu ba na bari magariba ta same ni a waje da shi.