Matakin CFA na Uku: Littattafan Cibiya ko Taƙaitattun Bayanai?

Masu shirin zana matakin ƙarshe na CFA, jarrabawar ƙwarewa a harkar zuba jari, sun yi ta tambayata: su duƙufa kan littattafan CFA Institute, cibiyar da ke shirya jarrabawar, ko su sayi taƙaitattun bayanai irin na kamfanin Kaplan Schweser?

Ta fuskar kuɗi, littattafan cibiyar suna cikin kuɗin rajista, a intanet za ka karanta su. Taƙaitattun kuwa sai ka sake fitar da dala.

Lokaci ne ke jan mutane ga taƙaitattu. Ana so ɗalibi ya ware awa 300 ko fiye, ga aiki ga iyali. Wanda ya taso daga banki bayan magariba, shafi goma ya fi masa sauƙi a kan arba'in.

Sai dai haɗarin yana nan. Wannan matakin ba canki-canka ba ne zalla. Zama biyu ne, kowanne awa 2 da minti 12, kuma kusan rabin tambayoyin da kanka za ka rubuta amsa. A ba ka labarin wani asusun fansho, a ce ka zaɓa masa inda zai zuba jari, ka kawo hujja a layi uku. Dogayen misalan littattafan cibiyar su ke saba maka da wannan tunani, su ne kuma taƙaitawa kan rage. Ni wannan ya fi damuna.

Mai wata shida a gabansa, wanda bai taɓa sarrafa jarin wani ba, littattafan cibiyar sun fi dacewa da shi. Mai maimaita jarrabawar, ko wanda sarrafa jari ne sana'arsa, taƙaitattu za su ishe shi, muddin yana amsa tambayoyin cibiyar a rubuce, agogo na gabansa.