Bitar Darasin Mafarki a Addinin Buddha da Wani Shagon Littattafai Yake Gudanarwa a Jos

Akwai wani shagon sayar da littattafai da ke kusa da Terminus a cikin garin Jos wanda ya ware ɗakin da ke bayansa domin zaman karatu na ranakun Asabar, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Mai shagon ya ɗauko wani dattijon malami da ya yi ritaya daga koyar da tarihin addinai, shi ne yake jan karatun, kuma jerin darussan da na halarta sun tsaya ne a kan yadda mabiya addinin Buddha suke kallon mafarkin barci: daga ina yake zuwa, wanne ne ke da ma'ana, kuma me ya kamata mai mafarki ya yi da shi. Ana biyan kuɗin zama a teburin shagon, kuma kuɗin bai fi ƙarfin ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ba. Karatun da Hausa ake yin sa, sai dai inda Malam ya karanto nassi da Turanci sannan ya bayyana shi.

Ni Musulmi ne, kuma abin da ya kai ni wurin shi ne damuwar da nake da ita a kan yadda mafarki yake tayar wa mutanenmu hankali har ya kai su ga asarar dukiya da zargin 'yan uwa. Ya kamata in faɗa tun da wuri cewa babu wanda ya kira kowa zuwa ga wani addini a wannan ɗaki. Malam ya yi sharaɗi tun a zaman farko cewa ilmin tarihi ne za a karanta, kowa ya riƙe aƙidarsa, kuma a gari irin Jos, inda kalma ɗaya kan iya ɓata zaman shekaru, wannan sharaɗi ne ya sa Musulmi da Kirista suka zauna a benci ɗaya suna yi wa juna tambaya cikin ladabi.

Ƙarfin darasin yana ga yadda Malam ya jingina kowace magana ga tushenta. Ya fara da tattaunawar da aka rubuta tsakanin Sarki Milinda, wani sarki Bagirke da ya mallaki arewa maso yammacin Indiya a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, da wani mai zuhudu da ake kira Nagasena. Sarkin ya tambaya mene ne mafarki, sai Nagasena ya lissafa masa masu mafarki iri 6: wanda iska ta dame shi a jiki, da wanda matsarmama ta motsa masa, da wanda majina ta yi masa yawa, da wanda wani abin bauta ya nuna masa abu, da wanda yake ganin abin da ya saba yi ko ya taɓa gani, sai kuma wanda ya ga alamar abin da zai faru. A cikin waɗannan, in ji Nagasena, na ƙarshen ne kaɗai gaskiya. Ko shi ma, zuciya ba ta fita neman sa, zuwa yake yi ya faɗo mata kamar yadda hoto yake bayyana a madubi ba tare da madubin ya je ya ɗauko shi ba, kuma zuciyar da ta ga alamar ba ta san abin da alamar take nufi ba. Wannan magana ta ƙarshe ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin tana rage wa mai mafarki girman kai, tana kuma rage masa tsoro.

Daga nan Malam ya gangaro zuwa ga Buddhaghosa, babban mai sharhin da ya yi aikinsa a Siri Lanka a ƙarni na 5 miladiyya, wanda ya tattara dalilan zuwa 4: rikicewar sinadaran jiki, da abin da mutum ya taɓa gani ko ji, da tasirin abin bauta, da alamar abin da ke tafe. Biyun farko ba su da gaskiya, na uku yana iya zama gaskiya yana iya zama ƙarya, na huɗu ne yake tabbata. Wata Hajiya mai koyarwa a Islamiyya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, gafarta, ai wannan ya yi kusa da hadisin da ya kasa mafarki gida uku, na bushara daga Allah, da na baƙin ciki daga Shaiɗan, da na zancen zuci." Amsar da ya ba ta ita ce ta sa na amince da shi. Ya ce: "Hajiya, kamar tana nan, musamman a zancen zuci, amma kada mu ɗinke su wuri guda. Addinin Buddha ba shi da aƙidar Mahalicci da ke aiko da bushara, kuma masu sharhinsu suna danganta mafarkin gaskiya ne ga ayyukan da mutum ya gabatar, na alheri ko na sharri." Malamin da ya fi shi son yabo da sai ya ce duka ɗaya ne, ya faranta wa kowa rai, ya bar mu da fahimta gurguwa.

Akwai kuma batun lokacin da mafarki yake faruwa. Nagasena ya ce mai barci mai nauyi ba ya mafarki, haka ma wanda yake farke, sai dai wanda yake cikin abin da suka kira barcin biri, wato barci mara nauyi da ke tsakanin biyun. Malam ya ambaci cewa a 1953 ne Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano matakin barcin da idanu suke motsi da sauri a cikinsa, wanda mafi yawan mafarkai masu haske suke zuwa a lokacinsa, amma ya ja kunnenmu da kada mu fita muna cewa mutanen da sun riga masu bincike gano wannan, domin lura ce suka yi da kansu, ba awo da na'ura ba.

Mafarkan da suka shahara a tarihin Buddha, mutumin da ya kafa addinin, ma sun samu rabonsu. Mahaifiyarsa Maya ta yi mafarkin farar giwa ta shiga ta gefen jikinta kafin ta haife shi a Lumbini, wadda ke cikin ƙasar Nepal a yau. Shi kansa an ruwaito ya yi manyan mafarkai 5 kafin abin da mabiyansa suke kira farkawarsa, wato lokacin da suka yi imani ya gane gaskiyar rayuwa. Ya ga ƙasa ta zama shimfiɗarsa, dutsen Himalaya matashinsa, hannayensa da ƙafafunsa suna cikin tekuna. Ya ga ciyawa ta tsiro daga cibiyarsa har ta taɓo sama, ya ga fararen tsutsotsi masu baƙin kai sun rufe shi zuwa gwiwa, ya ga tsuntsaye 4 masu launi dabam-dabam sun zo daga kusurwoyi huɗu sun faɗi a ƙafafunsa sun koma farare, sannan ya ga yana tafiya a kan tudun ƙazanta ba tare da ta taɓa shi ba. An fassara tsuntsayen da azuzuwan mutane huɗu na Indiya da za su daidaita a cikin karantarwarsa, tudun kuma da kyaututtukan da za a riƙa ba shi ba tare da zuciyarsa ta maƙale da su ba.

Zaman da ya fi kowanne amfani a wurina shi ne na Sarki Pasenadi na Kosala, wata masarauta a arewacin Indiya a zamanin Buddha, kuma shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin da na bayar. Sarkin ya yi mafarkai 16 a dare ɗaya, ya tashi a firgice. Ya ga bijimai sun taho kamar za su yi karo sannan suka watse ba su yi ba, ya ga ƙananan itatuwa suna 'ya'ya tun ba su girma ba, ya ga shanu suna shan nonon maruƙan da suka haifa, da doki mai baki biyu yana ci ta kowanne, da wani mutum yana tufka igiya dila tana cinye ta a ƙarƙashin kujerarsa, da duma yana nutsewa a ruwa, manyan duwatsu kuwa suna yawo a samansa, da kwaɗi suna haɗiye macizai. Malaman fadarsa suka ce masa bala'i na tafe a kan mulkinsa ko ransa ko dukiyarsa, kuma babu mafita sai an yanka dabbobi masu yawa, alhali suna hangen abin da za su samu a wannan hidima. Matarsa Mallika ce ta ba shi shawarar ya je ya tambayi Buddha a Jetavana, wani mazaunin masu zuhudu da yake yawan zama. Buddha ya gaya masa cewa babu abin da zai same shi, mafarkan suna nuni ne ga wani zamani mai zuwa da shugabanni za su bar adalci, alƙali ya karɓi hanci daga ɓangarori biyu, iyaye su koma dogaro da 'ya'yansu, maganar banza ta yi nauyi, ta masu hankali ta rasa daraja. Aka kwance dabbobin. Malam bai ɓoye mana ba cewa wannan labari yana cikin tarin labaran Jataka ne, wato labaran rayuwar da suke cewa Buddha ya yi kafin wannan haihuwar tasa, kuma masana suna ganin an tsara shi bayan tsoffin huɗubobin, amma ya nuna mana abin da labarin yake karantarwa game da mai tsoro da wanda ke cin abinci da tsoronsa.

A nan ne darasin ya zo kan abin da ya kawo ni. A cikin huɗubar farko ta Digha Nikaya, wato tarin dogayen huɗubobin Buddha, an lissafa fassarar mafarki tare da duba da karanta alamomin jiki a cikin ƙasƙantattun sana'o'in da mai zuhudu ba zai ci abinci da su ba. Wato al'ummar da ta yarda cewa akwai mafarkin gaskiya ita ce kuma ta hana malamanta mayar da shi kasuwa. Kowa a ɗakin ya san wata ko wani da ya yi mafarkin maciji ko faɗuwar haƙori, ya kai wa boka ko mai fassara ta waya, aka ce masa kishiya ce ko maƙwabci, aka karɓi kuɗin rago da turare, zumunci ya lalace a kan abin da wataƙila zazzaɓi ne ko tuwon da aka ci da daddare. Addininmu ya riga ya koya mana cewa wanda ya ga abin ƙi ya nemi tsari, ya yi tofi ta hagunsa, kada ya ba kowa labari, amma jin cewa wasu mutane masu nisa da mu sun yi fama da wannan cuta tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce ya ƙara mini ƙarfin gwiwar faɗa wa ɗalibaina gaskiya. Wani dattijo Kirista ya tuna mana cewa Yusufu ma ya ce wa fursunonin nan fassara ta Allah ce, kuma babu wanda ya yi masa musu.

Malam ya taɓo wasu abubuwa biyu a taƙaice da suka cancanci ambato. Dokokin masu zuhudu ba su kama mutum da laifin abin da ya fita daga jikinsa a cikin mafarki ba, domin niyyar mai barci ba ta kai a yi hukunci da ita ba, abin da ya tuna wa da yawa daga cikinmu hadisin ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. Sannan a cikin fa'idodi 11 da suka lissafa wa mai yi wa dukkan halitta fatan alheri, ukun farko su ne barci mai daɗi, da tashi cikin daɗi, da rashin mugun mafarki.

Darasin yana da rauninsa, kuma ba ƙarami ba ne. An cusa dukkan abin da ya shafi Tibet da Sin a zama guda na ƙarshe. An ambaci Naropa, malamin Indiya na ƙarni na 11 da ake danganta masa hanyoyi 6 na horon zuciya, ɗaya daga cikinsu horon sanin cewa mafarki kake yi alhali kana cikinsa, amma ba a bayyana mana sosai dalilin da ya sa suke yin sa ba, wato shirin fuskantar mutuwa da fahimtar cewa abin da ake gani a farke ma ba ya dawwama. Matasa biyu sun fita suna zaton dabara ce ta yin mafarkin abin da mutum yake so, kuma wannan kuskure ne da ƙarin zama ɗaya zai gyara. Haka wani nassi da ake kira Diamond Sutra, da ya kwatanta duk wani haɗaɗɗen abu na duniya da mafarki da kumfa da raɓa da walƙiya, wanda aka samu bugunsa na shekarar 868 a kogon Dunhuang da ke ƙasar Sin, an karanta shi a tsaye ana shirin tashi.

Takardun da ake rabawa da Turanci suke zalla, kuma wannan ya cuci dattawa da matan da Hausa da ajami suka iya, alhali su ne suka fi kowa yin tambayoyi masu nauyi. Ɗakin ƙarami ne, tagarsa ba ta rufuwa sosai, don haka duk wanda zai zo a lokacin hunturu ya zo da rigar sanyi. Idan aka ɗauke wuta kuma, ƙarar janareton maƙwabta tana danne muryar Malam, wanda dama ba mai ɗaga murya ba ne. A ɗaya ɓangaren, ana tashi a kan lokaci saboda sallar magariba da kuma wahalar abin hawa da dare, ana ba da shayi mai zafi, kuma yaron shagon yana barin mutum ya duba littattafan da aka ambata ba tare da an matsa masa ya saya ba.

Ina ba malaman makaranta da ɗaliban ilmin addinai da ma'aikatan lafiya da ke sauraron koken marasa barci shawarar su halarta. Wanda yake neman a fassara masa mafarkin da ya yi jiya kuwa ba zai samu biyan buƙata ba, domin Malam yana ƙin yin haka ko an roƙe shi bayan an tashi. Na miƙa wa mai shagon buƙata a rubuce cewa a juya takardun zuwa Hausa, a kuma raba ɓangaren Tibet gida biyu kafin a sake zagayowa kan wannan jeri, ya kuma ce zai tattauna da Malam a kai. Kujerun gaba suna cika da wuri, saboda haka mai raunin ji ya yi ƙoƙarin isowa da zarar an idar da la'asar.