FAT32 ko exFAT, ga mai memorin da rediyon mota ya ƙi karantawa

Ɗan'uwa, tunda kwamfuta na buɗe memorin nan naka mai 64GB, ba lalacewa ya yi ba. Mayar da shi FAT32; FAT32 da exFAT tsare-tsare ne biyu na jera fayiloli a cikin kati.

Kati daban, shagon da aka yanka a cikinsa daban. Katin kamar fili ne, fomatin ke yanka shago ya jera kanta. Rediyo yakan fara gane an soka masa kati, sannan ya nemi shagon, kuma ba ya buɗewa sai ya san tsarinsa. Shi ya sa fitila ke kamawa amma shiru kake ji. FatFs, manhajar da ake sa wa ƙananan na'urori da yawa, haka take aiki: in ba a sauya mata saiti ba, shagon farko mai tsarin FAT da ta tarar shi kaɗai take buɗewa, exFAT kuwa sai maƙerin ya kunna mata shi.

Nawa mai 32GB a FAT32 yake tun ranar da na saye shi. Da shi na saurari tafsirin azumi a cunkoson Kurna, sannan Hajiyarmu ta karɓe ta sa a 'yar MP ɗinta ta tsakar gida. Ko sau ɗaya bai yi gardama ba, sai dai har yau bai dawo hannuna ba. Aibinsa ɗaya, fayil guda ba ya wuce 4GB, kuma wane karatu ne zai kai haka?

exFAT, to, Microsoft ta fito da shi a 2006, kuma da shi katin da ya haura 32GB, irin naka, ke zuwa. Ya yi wa masu ɗaukar bidiyon biki, don shi yana ɗaukar fayil ɗin da ya wuce 4GB.

Windows ɗin da yawancinmu ke da ita ba ta nuna FAT32 ga babban kati, amma yaran Farm Center, kasuwar wayoyi ta Kano, na da 'yar manhajar yin sa. Kwashe kayanka tukuna, fomatin share komai yake.

Ka kuma kula da masu algus. Wani mai tebur ya taɓa sayar mini da kati, jikinsa 128GB, kwamfuta ma haka ta nuna, don lambar da katin ya faɗa mata take maimaitawa. Da na loda kaya sai na baya suka ƙi buɗuwa. Gwada naka da H2testw, manhajar kwamfuta mai auna ainihin girman kati, kafin ka zuba hotunan suna.